Na Goge Madubin Hangen Taurarin Ɗiyata da Samfefa

Assalamu alaikum Hajiya Luba,

Don girman Allah ki agaza min da shawara, kuma ki hanzarta, don Asabar ta sama nake jin tsoro. Ɓarna na yi da hannuna, ba wanda ya aike ni, ba wanda ya roƙe ni. Na ɗauki fetur da tsumma da samfefa na goge madubin da ɗiyata take ɗaukar hoton taurari da shi, na goge shi tas har ya daina ganin komi. In kin taɓa jin labarin mutumin da ya tafi gyaran gira ya dawo babu ido, to ga shi nan yana gaishe ki.

Kada ki sa sunana, ko da yake ɓoyon banza ne, don duk ƙasar Aliero gida ɗaya ne ke da irin wanga abu. Ni bakanike ne, injin ban ruwa nake gyara wa manoman albasa, tun daga Kashin Zama har fadamun Jega. Shekaruna hamsin da 'yan kai. Boko aji huɗu na yi na gudu, kuma ban ji an ce makarantar ta yi kewata ba. Ɗan abin da na tsira da shi ya ishe ni in karanta filinki na jarida, a hankali, da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa. Wagga takarda ma kwana uku na yi ina fama da ita. In kin ga wani wuri ya karkace ki miƙar, hannun sifana ne ya riƙe alƙalami.

Yarinyar ita ce ɗiyata ta biyu. Sunan mahaifiyata anka sa mata, don haka Ummi nake ce mata, bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. Tana jami'a nan Aliero, shekarar ƙarshe, tana karanta wani abu wai shi Fiziks. Na tambaye ta mi ake gyarawa da shi, ta ce ai shi ne dalilin da ya sa injin da nake gyarawa yake tashi. Na ce ashe shekara talatin ina Fiziks ba wanda ya ba ni takarda.

Na'urar ba saye munka yi ba, ina ni ina sayen irin wannan. Ta wani tsohon malaminta ce na sakandare, Malam Ya'ƙub, wanda ya yi ritaya ya koma gida Andarai, can ƙasar Maiyama. Tun yana saurayi ya samo ta, lokacin da ya tafi ƙaro karatu, ya riƙe ta kamar ƙwai shekara da shekaru. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya aiko a kira Ummi, ni na kai ta bisa mashin. Mutumen nan ɗiya maza huɗu gare shi, bai ba ko ɗaya ba. Ya ce cikin duk ɗaliban da sunka bi ta hannunsa ita kaɗai ce ta taɓa yi masa tambayar da ya kwana yana neman amsarta. Ya ce ba kyauta ba ce, ba aro ba ce, amana ce: ta ci gaba da kallo a madadinsa, ta riƙa kawo masa hoto babba wanda ragowar idonsa zai iya kamawa. A gabana ta durƙusa ta karɓa.

Abin wani farin bututu ne, tsawonsa ya kai min ƙirji, faɗinsa kamar bakin bokiti ƙarami, da ƙafafunsa na tsayawa. Can ƙasan bututun akwai madubi guda, shi ne ran abin. Da munka ɗauro shi bayan mashin munka ratsa Jega, 'yan kabu-kabu sunka bi mu da ido, wani ya ɗaga murya yana tambayata ko yaƙi za a yi. Tun daga ranar sunansa igwa, har uwarta haka take ce masa.

Unguwa kuwa kowa da fassararsa. Wata tsohuwa ta zo a duba mata inda ragonta ya shiga. Wasu sunka ce to madalla, bana ba mu da gardamar ganin watan azumi. Wani maƙwabcina ya ja ni gefe wai kada a riƙa leƙa masa gida, na ce masa ya kwantar da hankali, abin da ke hangen wata duniya ba zai ɓata lokacinsa kan tukunyar tuwonsa ba. Ni kaina cikin masu dariya nake. Ina ce mata tauraro dai tauraro ne, ni ban da Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta ban san kowa ba can sama, kuma haka munka zauna lafiya.

Sai wata rana bayan isha'i, damina ta ja baya sama ta wanke, ta kira ni tsakar gida. Ta ce in rufe ido ɗaya in kanga ɗayan a wani ɗan gilashi da ke gefen bututun, kada in taɓa komi. Hajiya, na ga wani ɗan abu ruwan ƙwai-ruwan ƙwai, kamar ƙaramar albasa an zura ta cikin awarwaro, yana tsaye shi kaɗai cikin baƙi. Wallahi sai da na zagaya na leƙa bakin bututun, don na ɗauka hoto ta liƙa ta yi min irin wasan da ni zan yi mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce sunanta Zuhal, kuma ba tauraro ba ce, duniya ce sukutum, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Na koma in sake dubawa na tarar ta sulale gefe. Na ce ta gudu. Ummi ta ce ba ita ta gudu ba, mu ne ƙasa ke juyawa da mu. Na nemi turmi na zauna. Ni da ko wurin gaisuwar mutuwa sai an harare ni nake yin shiru, ranar ban da Subhanallahi babu abin da ya fito bakina. Shekara hamsin abin nan yana wucewa bisa kaina ina ƙasa ina zagin kafireta.

Bayan ita ta nuna min wata duniyar, Mushtari, mai ɗamara biyu jajaye a ciki, da watanninta huɗu jere kamar iyali za su gidan suna. Yau ki ga uku a dama ɗaya a hagu, gobe sun sake wurin zama.

To gani daban, hoto daban, kuma hoto Malam yake jira. Da waya take ɗauka, sai ta kanga idon wayar a ɗan gilashin nan, amma hannu ba ya tsayuwa, numfashi kaɗai ya isa ya ɓata. Nan ne na yi rana. Na ciro sandar madubin mashin, na haɗa da maɗaurin tiyon inji da ɗan yankin roba, na ƙera mata abin da zai riƙe wayar cak. Ya yi kuwa. Ba hoto ɗaya take ɗauka ba, bidiyo take yi na minti biyu, ta ce cikinsa akwai hotuna dubbai, mafi yawa iska ta karkaɗa su. Sai kwamfuta ta zauna ta tsince masu kyau ta ɗora su bisa juna su zama guda. Na ce ai wannan zaɓen albasa ne, a ware ruɓaɓɓa a tara masu kyau buhu ɗaya. Ta ce ko malaminsu bai faɗa da kyau haka ba. Na san daɗin baki ne, amma na karɓa.

Na koyi dokoki. Ba a saita igwa ta saman rufin kwano, don zafin da ya sha da rana yana tashi ya sa hoton rawa. Ba a ɗauka sai wutar murhu ta mutu. In an fara bidiyo ba tari, ba tafiya da ƙarfi, kuma ba ba'a, wanda shi ya fi ba ni wuya. Mun yi dare ya fi goma muna asara kafin munka samu Mushtari guda mai kyau. Munka wanke ta babba a Jega munka kai Andarai. Tsohon nan ya kai takardar dab da hancinsa, ya juya wajen haske, ya daɗe, sannan ya ce ga ɗamarun nan, shekara shida rabonsa da su. Ya sa mata albarka. Ta yi masa alkawarin Zuhal bana da kaka. Sannan ya shafa maƙalin wayar da na ƙera ya ce wanga aikin injiniya ne.

Hajiya, kalmar nan ita ta kashe ni. Da ya ce bakanike da yanzu muna zaune lafiya.

Watan jiya ta koma kwana makaranta sati uku saboda jarrabawa, cikin gaggawa ta manta ba ta rufe bakin bututun ba. Na shiga ɗakin neman wani abu, karambani ya sa na haska ciki. Sai ga zanzaro ya yi ginin laka bisa madubin, har ɗaki uku, ko mai unguwa bai sallama wa ba. Ummi ta sha gaya min, ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba, cewa madubin nan ba a taɓa shi ko da yatsa, ko ƙura ce a bar ta. Na ji da kunnena. Amma na ɗauka irin kashedin masu inji ne, kowa ya kawo sai ya ce kada a taɓa masa kafireta, kuma sai an taɓa ta take tashi. Na ce bari in yi wa Ummi abin mamaki, ta dawo ta tarar da shi yana walƙiya.

Na kwance kusoshi na fiddo shi. Na kankare ginin da bakin sukundireba, ya bar tabo. Na sa fetur da tsumma, tabo na nan. Sai na ɗauko samfefa mafi laushi, wadda nake goge fulogi da ita, na bi shi zagaye-zagaye yadda hannuna ya saba. Ina cikin yi ina ɗan waƙa, sai na ga samfefar tana ƙyalli madubin yana dushewa. Na ɗaga shi, na hango yatsuna ta bayansa. Ashe shi ba irin madubin ɗaki ba ne da ƙyallinsa ke ɓoye bayan gilashi. Nasa a fuska yake, kuma bai kai ɓawon albasa kauri ba. Abin da ya yi shekara talatin da wani abu hannun Malam ko ƙwarzane babu, ni na gama da shi kafin a kira la'asar.

Ranar kasuwar Jega na naɗe shi cikin tsohuwar riga na kai wa Lawali mai yankan gilashi, na ce ya yanko min irinsa. Ya ɗora ƙarfen awo bisa fuskarsa ya nuna min haske na wucewa ta ƙasa, ya ce wanga ai kwarmi gare shi kamar kasko, ba yanka ake yi ba, shi bai ma san inda ake yi ba. Ya tambaye ni wane maƙiyin Allah ne ya yi masa haka. Na ce wani jahili ne a unguwarmu. Ya ce Allah shi shirye shi, na ce amin da ƙarfi har na kusa da shi sunka waiwayo.

Yanzu ga wurin da alƙalamin ke yi min nauyi. Na mayar da madubin na ɗaure. Sannan na ɗauki ɓurɓushin lakar zanzaron na mayar cikin bututun, da gangan, don a gani.

Da ta dawo, daren farko ta fiddo igwa tana murna sama ta yi kyau. Ta kanga ido, ta gyara, ta sake gyarawa. Ta kunna fitilar waya ta haska ciki ta yi tsaye ba motsi. Ni ina bisa tabarma, na ce ai zanzaro ne, na ga suna shiga da fita, har na ƙara da cewa su ma taurarin suke son gani. Ba wanda ya yi dariya. Ta dube ni, ta sake duban madubin, ta sake dubana. Sannan ta ce laifinta ne, ita ta bar shi buɗe. Ta ɗauko zane ta lulluɓe shi ta shige ɗaki.

Yau kwana goma sha ɗaya. Tana gaishe ni yadda ta saba, ita ke kawo min abinci, in na yi ba'a ma tana murmusawa. Amma ana sallame isha'i take shigewa, Zuhal tana ratsa tsakar gidanmu ba mai ɗaga kai. Ta buga wa Malam waya ta ce tana tafe Asabar ta sama da magana. Ta gaya wa uwarta za ta mayar masa da kayansa, ta durƙusa inda ta durƙusa ta karɓa, ta ce masa ba ta iya riƙon amana ba. Kuma kin san wanda ta roƙa ya kai ta? Ni. Ni zan ɗauko ta da gawar igwa, mu bi ta Jega mu gangara Maiyama, in tsaya gefe riƙe da hula ina kallon ɗiyata tana amsa laifina.

Uwarta ta sani, don ita ta gan ni ina wanke hannu ranar. Ta ce in yi shiru. Ta ce uba ba ya zubar da girmansa gaban ɗiya, yarinya ta riga ta ɗauka, Malam mutum ne mai sauƙi zai yafe mata nan take, ni kuwa in bi ta bayan fage in nemo wani madubin a wuce wurin. Wani lokaci sai in ji maganarta ta zauna min. Ba faɗan Ummi nake tsoro ba, ba ta iya faɗa ba. Na taɓa jin tana gaya wa ƙawayenta cewa babanta ba abin da ba ya gyarawa. Wanga kallo da take min nake tsoron rasawa.

Kada ki ɗauka kuka na kawo miki. In an tattara, godiya ta fi yawa cikin cikina. Na gode wa Allah da ya bar ni da rai har na ga abin da kakannina ba su gani ba, kuma daga tsakar gidana, tsakanin turmi da akurkin kaji. Na gode wa tsohon da ya tsallake ɗiyansa ya zaɓi tawa. Na gode wa yarinyar da ba ta taɓa jin kunyar jahilcin ubanta ba, ta zaunar da shi ta koya masa sama kamar yadda ake koya wa yaro alif. Ko daga yau ban sake ganin Zuhal ba na riga na ci riba. Madubi kuwa ko nawa ne, in dai ana samunsa, injunan Aliero ba su ƙare lalacewa ba. Abin da Ummi ke bina ba a kasuwa ake samo shi ba. Magana ce guda, in ce mata ni ne, kuma duk lokacin da na buɗe baki in biya sai ba'a ta riga ta fitowa.

Ki gaya min yadda zan yi.

Naki,
Baban Ummi, daga ƙasar Aliero.

AMSA

Wa alaikumus salam Baban Ummi,

Na yi dariya da wasiƙarka har sai da na ajiye ta na share ido, amma da na kai wurin lakar da ka mayar cikin bututu sai dariyar ta tsaya. Ina jin kai ma a nan taka ta tsaya, shi ya sa ka rubuto.

Mu raba abin biyu. Goge madubi kuskure ne, kuma ƙauna ce ta jawo shi, tare da ɗan kumburin kai da ka riga ka amsa da bakinka. Wannan ba ya zubar da girman kowa. Mayar da laka da ɗora wa zanzaro shi ne laifin, domin shi ne ya sauke kayan daga kanka ya ɗora wa yarinya. Madubi zai iya jira. Wannan na biyun ba zai wuce Asabar ba.

Ban raina maganar maiɗakinka ba. Mutuncinka take karewa, kuma gaskiya ne cewa girman uba abin tattali ne a gida. Gaskiya ne kuma Malam zai yafe wa Ummi. Sai dai ku duba wanda zai biya kuɗin shirun nan. Yarinyar da Malam ya zaɓa a kan 'ya'yan cikinsa za ta je ta ce wa malaminta ya yi zaɓen tumun dare, ta mayar da abin da ta fi so, ta dawo gida da sunan wadda ba ta riƙe amana ba. Za a yafe mata, amma ita za ta daɗe ba ta yafe wa kanta ba. Girman da sai 'ya ta durƙusa a madadin uba yake tsayawa, bai cancanci a tsare shi ba.

Sannan bari in faɗa maka abin da na hango a cikin labarinka. Ina kyautata zaton Ummi ta sani. Zanzaro gini yake yi, ba ya goge gilashi zagaye-zagaye, ba ya kwance kusoshi, ba ya barin warin fetur. Yarinyar da ta tashi a gidan bakanike, take shekarar ƙarshe a ilimin kimiyya, ta haska fitila ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ka har sau biyu kafin ta ce laifinta ne, ba ruɗewa ta yi ba. Asirinka ta rufa. Ba zan rantse ba, tunda ban ga zuciyarta ba. Amma idan haka ne, kallon da kake tsoron rasawa ba shirunka ne ke riƙe da shi ba, ita ce ke riƙe maka da shi da hannu biyu, kuma kullum yana ƙara mata nauyi. Idan kuma ba ta sani ba, to tana hukunta kanta a kan abin da ba ta yi ba. Ko wanne ne, amsar ɗaya ce.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka fara gaya wa maiɗakinka abin da ka yanke, cikin lallashi, don kada ta ji an tsallake ta. Sannan ka sami Ummi ku biyu, a gida, kafin ranar tafiya. Kada ka bari sai kuna kan mashin inda iska za ta kwashe rabin maganar kuma ba ka ganin fuskarta. Ka faɗi duka, har da lakar, don ita ce ainihin abin da kake neman gafara a kai. Ka riƙe ba'arka a aljihu har sai ka gama. Ba'a baiwa ce Allah ya ba ka, kuma na tabbata ta raya gidanka, amma a wannan zaman idan ta riga ka fita Ummi za ta ɗauka ko yanzu ma ɓuya kake yi. Jimla uku kawai nake roƙonka ba wasa a ciki. Idan harshe ya yi nauyi, ka tuna sunan wa take ɗauke da shi. Ba a jin kunyar neman gafarar uwa. In ta yi shiru, ko ta yi kuka, ko ta tashi ta ba ka wuri, ka bar ta. Kada ka matsa mata sai ta ce ta yafe a take.

Batun nemo madubi a ɓoye ka cire shi a ranka, don ba zai yiwu ba. Na tambayi wanda ya san harkar. Ya ce irin wannan madubi, in ƙarcen bai yi zurfi ba, akan sake shafa masa ƙyallinsa, in ya yi zurfi kuma akan sayi wani, amma dole faɗinsa da zurfin kwarminsa su dace da bututun, sannan sai an saita shi daidai bayan an ɗaura. Duk wannan awon Ummi ce ta san shi, da Malam, da malamanta na jami'a. Don haka kada a yar da tsohon, kuma kada ka sake kusantarsa da komai. Ita ta yi awo ta yi cigiya, kai ka ɗauki nauyi. Zai ɗauki lokaci, wataƙila alkawarin bana ya zama na baɗi. Zuhal ba ta fasa dawowa.

Tafiyar Andarai kuwa kada a fasa ta, sai dai a sauya abin da za a kai. Ita tana da nata ɗan kason, ta bar bututu a buɗe, ka bar ta ta faɗa da bakinta, kada ka ƙwace mata. Sauran naka ne. Ku roƙi Malam ya bar amanar a hannunta har a gyara. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koyarwa ya san bambancin ɗalibar da ta yi sakaci da wadda ta yarda ta ɗauki laifin ubanta, kuma ina jin ranar zai ƙara tabbatar wa kansa bai yi kuskuren zaɓe ba.

Na tura maka wannan amsa ta waya tun kafin ta fito a jarida, domin Ummi ta ji daga bakinka, ba daga bakin masu karatu ba. Ranar Asabar idan kun isa ƙofar Malam, kai za ka fara yin sallama, kai za ka fara zama a ƙasa.

Allah ya sassauta maka harshe, ya yi wa Ummi albarka ya cika mata burinta, ya ƙara wa Malam Ya'ƙub lafiya da hasken ido, ya kai ku lafiya ya dawo da ku da zuciya sakayau.

Taku,
Hajiya Luba.